Gargaɗi ga masu tankin murjani a Amurka: ku kiyayi masu tallar batir da janareta idan guguwa ta kusa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Florida, Texas da Louisiana masu kiwon kifin teku da murjani, wato halittar nan ta teku mai kama da dutse ko reshen itace, a tankin gilashi cikin gida.

Akwai wata damfara da ke dawowa duk shekara a lokacin guguwa, wato daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Da zarar cibiyar hasashen guguwa da ke Miami ta nuna inda iska ta dosa, sai janareta da batura su ƙare a shaguna. A daidai wannan lokacin ne tallace-tallace ke cika Facebook Marketplace da zaurukan masu kiwon kifi. Mai tallar ya san wanda yake nema: mutumin da ya shekara da shekaru yana rainon murjani, ya zuba dubban daloli a ciki, kuma ya san idan famfo ya tsaya abin da ke cikin ruwan ba zai daɗe ba. Tsoron kuwa yana da dalili. Da guguwar Beryl ta shigo Texas ranar 8 ga Yulin 2024, sama da gidaje da shaguna miliyan biyu a yankin Houston suka rasa wuta, wasu fiye da mako guda. Guguwar Milton da ta sauka kusa da Sarasota a Florida ranar 9 ga Oktoban 2024 ta jefa gidaje da shaguna sama da miliyan uku cikin duhu.

Masu wannan damfara iri biyu ne. Na farkonsu ba shi da kaya kwata-kwata. Hoton janareta ya sato daga tallar wani, ya sa farashi mai sauƙi, ya ce mutum uku na jira, in kana so ka tura kafin alƙalami ta Zelle ko Cash App ya ajiye maka. Kana turawa sai ya ba ka adireshin wani gida da masu shi ba su taɓa jin sunansa ba, ko ya toshe ka nan take. Kuɗin da ka tura da hannunka ta Zelle, da wuya banki ya maido maka, domin a wurinsu kai ka amince.

Na biyun ya fi mugunta a ganina, don shi yana kawo kayan. Zai miƙo maka batir mai sheƙi da takarda manne a jiki an rubuta 200Ah ko 300Ah, wato ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka, ya rantse zai riƙe tankinka gaba ɗaya har mako guda. Ka kai gida, ka jona, fitila ta kama, hankalinka ya kwanta. Sai daren da aka ɗauke wuta, iska na kaɗa rufi, hanya a rufe, sannan za ka gane cikinsa ƙananan batura ne kaɗan, sauran duk fanko.

Lissafi kaɗai ya isa ya tona wannan ƙaryar. Batirin lithium irin LiFePO4 mai 12.8V da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,280, nauyinsa kuma tsakanin kilo 10 da 13. Na dalma mai wannan ƙarfin yana kusan kilo 30. To wanda aka rubuta wa 300Ah amma ka ɗaga shi da hannu ɗaya ba nishi, ai ba sai an faɗa maka ba. Ku tafi da sikelin banɗaki idan za ku duba kaya. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Sannan a ce tankinka da fitilu da famfuna da na'urar tace ruwa suna jan wat 300. Batir mai 100Ah na gaske awa huɗu zai yi ya mutu. Mako guda awa 168 ne, kenan kana buƙatar irinsa kusan arba'in. Duk wanda ya ce akwati ɗaya zai yi wannan aikin, ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani sarai.

Mu da muka taso da janareta da inbata a gida mukan ɗauka ba mai cutarmu a wannan harka. Gaggawa ce ke kayar da mutum, ba rashin sani ba.

Abin da ɗan damfara ba ya so ka sani shi ne tankin ba ya buƙatar duk wannan wutar kafin ya tsira. Abin da ke fara kashe kifi shi ne ƙarewar iskar oksijin idan ruwa ya daina motsi, domin kifi da murjani da ƙwayoyin bakteriya da ke cikin duwatsu duk ita suke shaƙa. Ƙaramin famfon kaɗa ruwa mai wat 15, a juya bakinsa sama yana girgiza fuskar ruwan, zai yi kusan kwana uku a kan batir ɗaya mai 100Ah. Akwai kuma ɗan injin hura iska mai aiki da batirin tocila manya, wanda kuɗinsa bai kai na cefanen yini ɗaya ba. In duk babu, ka riƙa ɗibar ruwan tankin da jug kana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci. Fitila kuwa murjani zai jure rashinta na 'yan kwanaki. A daina ba kifi abinci, don abinci na ƙara ƙazanta da cin oksijin. A watan Yuli ko Satumba a waɗannan jihohin hita ba ta da amfani. Zafi ne abin tsoro idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Murjani ya fi son ruwa wajen digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Celsius, don haka a daskarar da gorunan ruwa tun kafin iska ta iso, a riƙa jefa su ciki a rufe, ɗaya bayan ɗaya, kada sanyin ya zo wa ruwan farat ɗaya.

In dai janareta za ka saya a hannun mutum, ka je da kanka, a tayar da shi a gabanka, ka jona masa wani abu mai jan wuta ka gani. Ka biya da katin bashi ko ta PayPal a sashen sayen kaya, inda ake iya shigar da ƙorafi. Idan ya dage sai ka tura a matsayin kuɗin 'yan uwa da abokai, ka bar masa kayansa. Kuma kada a tayar da shi a gareji ko baranda. Hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta wari, tana kashe mutane bayan guguwa. A ajiye shi waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, ya ɗauki hoton tallar da hirar da suka yi kafin a goge, ya kira bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin FTC, hukumar gwamnatin tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya. A Florida doka ta hana tsawwala farashin kayan buƙata idan gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, kuma ofishin babban lauyan jihar yana karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafen. Ya kuma sanar da shugabannin zauren da ya ga tallar su cire ta, don mutum ɗaya ne yakan saka ta a wurare da yawa da sunaye daban-daban.