Bindigar roba mai hasken leza: me take koya wa mai koyon harbi?

Ja ce jawur, ta roba, an ƙera ta da siffar fistol ɗin nan Glock 17, ba ta ɗaukar harsashi ko ɗaya. In ka ja kunamar sai ta tofa ɗigon haske ja a bango, ya ɗauke nan take. Ta intanet na yi odar ta, aka sauke mini a tasha nan Birnin Kebbi, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Mu masu kaki mun san yadda zancen filin harbi yake: harsashi a ƙirge ake ba ka, kafin hannunka ya faɗa an ce a tashi, sai kuma wani jiƙon. Abin da ya sa na saye ta ke nan.

Amfaninta ɗaya ne, amma babba ne: tana tona asirin yatsa. Galibin masu kuskure bara ba idonsu ne ke da laifi ba, fizgar kunama suke yi maimakon su matsa ta a hankali har harbin ya tashi da kansa. Mai harbi da hannun dama in ya fizga, sauran yatsun su ma sai su damƙe, bakin bindigar ya sunkuya ƙasa ta hagu. Da bindigar gaske ƙara da girgiza suna rufe wannan, mutum ya tafi yana zagin saiti. A nan kuwa babu abin fakewa. Na manna farar takarda a ƙofar ɗaki, na ja baya taku biyar. Matsi mai kyau ɗigo yake bari, cak. Fizga kuwa sai ka ga hasken ya ja wutsiya kamar waƙafi. Wani abokin aikina da ke cika baki ya gwada, ya ga wutsiyarsa, sai ya ce, “Oga, wannan abin naka munafuki ne.”

Inda nake da ja da ita shi ne ɗigon nan yana jan ido. Ƙa'ida ita ce idonka ya tsaya kan tsinin saiti na gaba, a daidaita shi cikin tsagar baya, abin harin ya ɗan dushe. To amma rai na son ganin inda haske ya sauka, sai ido ya riƙa tsallake saiti yana leƙen takarda, kuma wannan ɗabi'a in ta kama mutum har fili za ta bi shi. Maganin da na samu shi ne in jingine waya tana ɗaukar bidiyon takardar, in duba daga baya. Sannan ba ta shuri, ba ta ƙara, nauyinta bai kai na mai cike da harsashi ba, kunamarta ma ta fi ta gaske laushi. Tsoron ƙara da ke sa kafaɗa ta noƙe kafin harbi, wannan ba za ta cire maka shi ba. Da rana tsaka a tsakar gida kuma hasken ba ya ganuwa, sai cikin ɗaki ko bayan magariba. Batirinta irin na agogo ne, ana samu a kasuwa.

Wanda ba shi da kuɗin ma akwai tsohuwar dabarar malaman harbi: a ɗora sulalla a saman bindigar atisaye kusa da tsini, a ja kunama kada ta faɗo. Sulallan naira ɗaya da Babban Banki ya fitar a 2007, waɗanda 'yan kasuwa suka ƙi karɓa, ga ranarsu ta zo.

Kada wani ya ɗauka sayen wannan ya buɗe masa ƙofar riƙe ta gaske. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattu, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ko a watan Yunin 2022 da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, dokar tarayya ba ta motsa ba. Ita kanta ta robar a gida nake barin ta, cikin akwati mai kwaɗo, nesa da yara. Jan launinta da dare ba ya ganuwa, kuma jami'in da ke shingen hanyar Jega ko Argungu siffa kawai zai gani.