Lambun Tsirrai na Athens: inda na kai iyalina da sanyi ya ɗaga

Wata uku muka yi a ƙunshe cikin gida saboda sanyi. Maiɗakina ba ta daɗe da zuwa Amurka ba, kuma na lura kewar gida ta fara cin ta, har magana ta rage. Sai na yi mata alkawarin da zarar itatuwa sun soma toho zan fita da ita da yara. Wata Juma'a a farkon Afrilu, da aka sauko daga masallaci, muka miƙe titin South Milledge, wanda masallacin ma a kansa yake, har Lambun Tsirrai na Jihar Jojiya, a nan garin Athens na Amurka. Tafiyar 'yan mintoci ce a mota.

Ba a biyan ko sisi a ƙofa. Ga ɗalibi mai iyali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lambun na Jami'ar Jojiya ne, an kafa shi a 1968, faɗinsa ya haura eka 300, kuma ya gangara har bakin kogin Middle Oconee.

A daidai lokacin da a gida ake fama da zafin bazara ana jiran ruwan fari, a nan ƙasa ce take farkawa. Furannin azaliya sun buɗe, ja da fari da ruwan hoda, sun lulluɓe reshe har ganye ya ɓace. Akwai kuma wani ɗan itace da suke kira dogwood, yana tsaye a ƙarƙashin manyan itatuwa da fararen furanni, kai ka ce auduga aka shanya a cikin daji. Amma inda ya fi taɓa mu shi ne ɗakin gilashin da ake renon tsirran ƙasashe masu zafi. Muna buɗe ƙofa ɗumi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa suka tare mu. Maiɗakina ta tsaya cak, ta ja numfashi, ta ce, "Baban yara, ai wannan ƙamshin damina ne." Mun fi rabin awa a ciki, ban ce mata mu tafi ba. Don wannan kaɗai fitar ta biya.

Yara kuwa sashensu daban, wanda aka buɗe a 2019. Akwai wurin hawa da wurin tonon ƙasa, ga kuma 'yan fangalai da aka shuka kayan miya don yaro ya ga daga ina abinci yake fitowa. Na ji daɗin yadda ake barin yaro ya taɓa abu da hannunsa.

Hanyoyin ƙafa na cikin dajin sun kai kilomita 8 idan aka haɗa su. Mun bi wadda ta sauka bakin kogi. Akwai hawa da gangara da saiwoyi a fili, kuma da yake an yi ruwa kwana biyu kafin nan, mun tarar da taɓo. Keken jariri ba zai bi ta nan ba, goyo ya fi. A sa takalmi mai rufi.

Abin da ya wahalar da ni ƙurar fure ce. Daga ƙarshen Maris, itatuwan da suke kira pine, masu ganye kamar allura, suna zubar da wani rawayan gari da ke rufe mota da baranda tamkar ƙurar hunturu. Na dawo ido ja, ina ta atishawa har dare. Mai asma ko mai yawan mura ya tafi da maganinsa, ya kuma zaɓi ranar da ta biyo bayan ruwan sama, lokacin iska ta wanku.

A hanyar komawa mun ratsa cikin gari, na nuna mata ƙofar ƙarfen nan mai ginshiƙai uku da ɗalibai ba sa bi ta ƙarƙashinta sai sun kammala karatu, a bakin tsohuwar harabar jami'ar da aka ba izinin kafawa tun 1785. Mun kuma leƙa itacen da mutanen gari ke cewa shi ya mallaki kansa, a mahaɗar titin Finley da Dearing. Na asalin ya faɗi a 1942, wannan daga ƙwayarsa aka shuka shi. Tsayuwar minti biyar ta isa.

Tun ba mu isa gida ba ta tambaye ni ko za mu koma lambun ranar Asabar. Mun koma da sassafe, da tabarma da fulas ɗin shayi.