Gyaran tsohon soro: aikin maginan laka a ƙauyukan Dawakin Kudu

Duk wanda ya gaji zaure ko soron laka a ƙauye, zaɓinsa biyu ne: ya kira mai siminti, ko ya kira maginin gargajiya. Akwai wani ayarin magina da ke zaga ƙauyukan Dawakin Kudu bayan girbi, kuma a ganinmu su ya kamata a kira.

Hujjar tana cikin birni. Gidan Makama, wanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa (ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499) tun kafin ya hau sarautar Kano, Turawa sun mayar da shi ofis bayan 1903, yau kuma gidan tarihi ne. Haka Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909. Tubali ne da azara, yaɓe a kai a kai ya riƙe su.

Waɗannan magina sukan fara ne daga rufi. Su hau su duba indararo, domin in ya toshe ruwa zai kwanta a kan soro, ya ratsa, ya ruɓar da bakin azarar da ke cikin bango. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, danshi ne ajalinta. Sai su kankare tsohon yaɓen da ya bubbuga, su kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a taɓa ta. Makuba ce ta ƙarshe, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ita ke sa ruwan sama ya zame. Hannunsu a zanko (ƙahonnin saman soro) da bakan gizo (lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi) yana da kyau ƙwarai.

Siminti a kan laka kuwa yaudara ce. Ba sa kama juna; ya tsage, ruwa ya shiga baya ya rasa mafita, bango ya narke a ɓoye.

Aibin maginan nan jinkiri. Sukan karɓi aiki uku a lokaci guda, ga shi ba sa rubuta lissafi. A yi ciniki a gaban shaida, a fayyace wa zai kawo ƙasa, ruwa da azara, a kuma matsa su gama kafin watan Mayu, don yaɓen da ruwan fari ya tarar bai bushe ba, kuɗinsa ya bi rariya.