ImageJ: Manhajar Auna Motsin Ƙwayoyin Halittar Mama

Duk ɗalibin digiri na biyu da ke nazarin sankarar mama a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a Samaru ko a Shika, zai ci karo da tambaya guda: ta yaya zai nuna da alƙaluma cewa ƙwayoyin halitta sun motsa ko sun sauya siffa? A ganina ImageJ, manhajar auna abubuwan da ke cikin hoto, ita ce ta fi dacewa da aljihunmu. Wayne Rasband ne ya ƙirƙiro ta a cibiyar binciken lafiya ta NIH da ke Amurka a 1997. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta, tana aiki ba tare da intanet ba, ko da a tsohuwar kwamfuta ce. Nau'inta da ake kira Fiji ya fi, domin ya zo da ƙarin kayan aiki a haɗe.

Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bututun nono suna zaune ne manne da juna, furotin E-cadherin yana riƙe da su, motsinsu kuma yana hannun wasu sinadaran enzayim masu isar da saƙo, musamman dangin Rho. Tun a 1992 Anne Ridley da Alan Hall suka nuna a ƙwayoyin ɓera cewa Rho yana sa zaren aktin, furotin da ke tallafe siffar ƙwaya, ya ɗaure tamau, ɗan'uwansa Rac kuwa yana sa bakin ƙwayar ya baje zuwa gaba. Rho yana tayar da enzayim ɗin ROCK, wanda ke sa ƙwayar ta takure ta jawo bayanta. Idan wannan tsari ya rikice, sai ƙwayar ta saki maƙwabtanta, ta miƙe, ta kama hanya, kuma irin wannan sauyi yana cikin abin da ke bai wa sankara damar yaɗuwa a jiki.

A nan manhajar ta burge ni. Ana karce shimfiɗar ƙwayoyin da aka raina a farantin gwaji da tsinin roba don a bar giɓin da za su matso su cike, a ɗauki hoto nan take, a sake ɗauka bayan awa 24, sai ImageJ ta faɗi faɗin giɓin da ya rage. Ga siffa kuma tana ba da maki daga 0 zuwa 1, inda 1 ke nufin cikakken da'ira. Ƙwayoyin sankarar mama iri biyu da ake rainawa a ɗakin gwaji, wato MCF-7 masu son taruwa wuri guda da MDA-MB-231 dogaye masu yawo, bambancin da ido ke hangowa tsakaninsu sai ya fito a rubuce, yadda za a iya kare shi a gaban malamai. Haka nan idan an zuba maganin Y-27632 mai danne ROCK, ana iya auna sauyin ƙwaya bayan ƙwaya.

Sai dai manhajar ba ta gyara mummunan hoto. Da yawa daga cikinmu da waya muke ɗauka ta bakin madubin ƙara girman ƙananan halittu, haske ya yi yawa a gefe ɗaya, sai ta kasa raba ƙwaya da fili, a koma zana gefen da hannu. Wajibi ne kuma a saita ma'aunin tsawo na hoton tun farko, in ba haka ba alƙaluman ba su da amfani. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta san dalilin rufewar giɓi ba: ƙwayoyin tafiya suka yi, ko rabuwa suka yi suka ƙaru? Wannan sai mai bincike ya tsayar da rabuwar da magani irin mitomycin C kafin ya fara. Ga wanda ya kiyaye waɗannan, ban ga dalilin da zai sa ya kashe kuɗin bincikensa kan wata manhajar saye ba.