Tambarin Islamiyyarmu da zirga-zirgar da na sha a shagon mai zane

Ba zan faɗi sunan shagon ba, don har yanzu muna haɗuwa da mai shi a sahun Magariba muna gaisawa. Masu kai aikin katin biki da kalanda a unguwarmu sun san inda nake nufi, sun kuma san abin da yake karɓa, ba sai na yi wa kowa lissafi ba.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa: mutumin ya iya zane, wannan ba ja. Tambarin da ya zana wa Islamiyyarmu, buɗaɗɗen littafi a tsakiya, alƙalami a gicciye, rubutun Larabci ya zagaye sama, taken makaranta da boko a ƙasa, ranar da ya nuna min shi sai da na ce, "Malam, Allah ya yi wa hannun nan albarka." Ya yi ta ƙara masa girma a CorelDRAW, manhajar da yake zane da ita, har harafi ɗaya ya cika fuskar kwamfutar, amma gefensa na nan sumul kamar an yanka da reza. Na biya shi cif ban nemi ragi ba, ni da ko albasa ba na saye sai na yi tayi.

Ni ne sakataren kwamitin makarantar, kuma duk aikina a Word nake yi. Tambarin nake so in ɗora a saman wasiƙun gayyatar walimar sauka, da kuma bangon ɗan littafin da za a raba ranar taro. Na ce ya turo min. Ya turo ta WhatsApp, a waya ya yi kyau abinsa, na saka a takarda, na ja kusurwarsa ya ƙara faɗi, na buga wasiƙu gaba ɗaya da daddare saboda lokacin ne aka kawo wuta. Ban duba ba. Wannan kam laifina ne.

Da safe na kai wa shugaban makaranta ya sa hannu. Dattijon ya ɗauki ta sama, ya sa tabarau, ya matso da ita, ya nesanta, sannan ya ce, "Sakatare, wannan na saman harafin wasali ne ko ƙuda ne ya yi kashi?" Malamai biyu na zaune a wurin. Na karɓa na duba, wallahi kunya ta rufe ni. Larabcin ya cakuɗe, ba ka bambance fataha da ɗigo, gefen littafin ya yi haƙora-haƙora kamar zarto, ga wani datti-datti ya kewaye kowane harafi sai ka ce an taɓa takardar da jiƙaƙƙen hannu. Rubutun wasiƙar da ke ƙasa kuwa tas yake, shi ya ƙara tona asirin tambarin.

Na koma shagon. Ko takardar bai gama kallo ba ya ce firintarmu ce, tawada ta yi ƙasa. Na ɗauki fayil ɗin na kai wani wuri aka buga, abu ɗaya. Na sake komawa, sai ya ce ai Word ba ya son hoto, haka yake yi wa kowa. Ya sake turo min wancan hoton dai, ta wancan hanyar dai, ya ce in gwada yanzu. Sau uku ina biyan kuɗin A Daidaita Sahu a kan abin da na riga na biya, ga walima saura kwana shida.

A zuwa na huɗu ban same shi ba, ya tafi ɗaurin aure. Yaron shagonsa kaɗai na tarar, wani ɗan siriri da kullum nake gani yana yanka kati ko ana aikensa sayo man janareta. Har na juya, sai ya ce, "Baba, kawo in gani." Abin da ya sa nake rubuta sharhin nan ke nan, don in da ba yaron nan ba, da tuni na yanke hukuncin cewa shagon bai cancanci ko sisin kwabo ba.

Ya buɗe abin da aka turo min, ya duba girmansa, ya yi murmushi. Ya ce ainihin tambarin da ke kwamfutar maigidansa vekta ne, wato ba hoto ba ne, umarni ne: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi kaza, cika ciki da kore. Ko a jikin bango za ka buga shi, kwamfuta sake lissafin layin take yi, shi ya sa ba ya dusashewa. Wanda aka ba ni kuwa JPG ne, ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar ɗinkin hula da daga nesa za ka ga zane, in ka matso ka ga zare ɗaiɗai. An fitar da shi a kan ɗigo 96 a kowane inci, ma'aunin da ya ishi kallo a fuskar kwamfuta, faɗinsa inci 2, wato ɗigo 192 ne kacal daga gefe zuwa gefe. Ni kuma na ja shi ya kai inci 4 a takarda, ka ga kowane inci ya tashi da ɗigo 48. Bugu mai kyau a takarda 300 ake nema. Inci 4 a kan 300, ɗigo 1200 ke nan. Ya rubuta min lissafin a bayan wata ɓatacciyar katin biki, har yau tana aljihun jakata. Dattin da ke kewaye da haruffan kuma ya ce halin JPG ne, an yi shi ne don hoton mutane da wurare, in ya haɗu da layi mai kaifi sai ya ɓata gefensa, WhatsApp kuma ya ƙara matse shi tun da a matsayin hoto aka turo, ba a matsayin fayil ba.

Sai ya ce mu gwada sa vektar kanta cikin Word. Ya fara da SVG, wani tsarin fayil na vekta, na ce masa kwamfutar makaranta Word na 2013 ne a kanta. Ya girgiza kai, ya ce wannan ba ya karɓar SVG, sai na 2019 zuwa sama ko na Microsoft 365. Muka koma EMF, tsohon tsarin Windows da Word ya daɗe da sani. Layukan suka fito fes, na fara hamdala, sai muka ga 'yar inuwar nan mai shara-shara da ke ƙarƙashin littafin ta koma wani dunƙulen toka-toka. Ya ce EMF ba ya jituwa da abu mai shara-shara. Ya cire inuwar baki ɗaya, kuma gaskiya tambarin ma ya fi kyau ba ita.

Na sa a filashi na ruga makaranta na buɗe, sai ga wani sabon salo. Takenmu shi ne "Ilimi da kyakkyawar ɗabi'a". Rubutun ya canza kama gaba ɗaya, ya koma wani salon haruffa daban, kalmar ta zama "dabi'a", ƙugiyar ɗ kuma tana can gefe ita kaɗai tana reto a saman b. Na ɗauki hoto na tura wa yaron. Ya kira ni yana dariya. Ashe salon haruffan ƙawa da maigidan ya zaɓa ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, irin matsalar da duk mai buga Hausa ya sani, sai ya rubuta d ya zana ƙugiyar da hannu ya manna. A kwamfutarsa komai daidai. A tamu da babu wannan salon, sai aka musanya shi da wani, haruffa suka gusa, ƙugiya ta tsaya inda aka bar ta. Maganin, in ji shi, a mayar da rubutun zane kafin a fitar, Ctrl da Q a CorelDRAW, shi ke nan harafi ya zama layi ba ya neman salon kowa. Amma ya ce a ajiye kwafi ɗaya da ba a taɓa ba, don bayan an yi haka ba a iya gyara rubutun kamar rubutu.

Ya haɗa min da PNG, hoton ɗigo-ɗigo da ba ya ɓata gefen layi irin na JPG, mai ɗigo 1200 a faɗi, marar fari a bayansa, don bangon littafin kore ne. Ya kuma nuna min abin da ban taɓa sani ba duk shekarun nan: Word da kansa yana rage hotuna zuwa ɗigo 220 a kowane inci in ba ka hana shi ba, akwai wurin da za ka danna a cikin Options, ƙarƙashin Advanced, ka ce kada ya matse hotunan fayil ɗin. In za ka mayar da takarda PDF ma zaɓi biyu ne, na bugawa da na ƙaramin nauyi, ni kuma kullum na ƙaramin nake zaɓa don tsimin data. Na buga shafi ɗaya na gwaji. Shugaba ya karanta Larabcin ba tabarau.

A nan na so in tsaya in ce shago ne mai kyau, ku kai aikinku. To amma washegari na je yin godiya na tarar da maigidan ya dawo. Ya kalli takardar ya ce, "Ai dama haka na yi niyyar yi maka." Niyya, bayan ya yi ta ɗora wa firinta da Word laifi! Bai tsaya nan ba, wai wannan sabon aiki ne, akwai ɗan abin da zan ƙara. Na ce, "Haba Malam, wane sabon aiki, tambarin da na biya ne fa aka ba ni yadda zai yi amfani." Da na nemi ainihin fayil ɗin CorelDRAW, wato CDR, don gobe in muna son gyara shekara ko ƙara reshe, sai ya ce wannan ba ya fita daga shagonsa sai da wani kuɗin daban. Wataƙila haka al'adar sana'ar take, amma me ya hana a faɗa min ranar da muka yi ciniki? Sai duk abin ya dawo min sabo: takardun da na zubar, tawadar makaranta da na ƙarar a banza, da maganar kashin ƙuda da har yanzu malaman nan biyu suke tsokanata da ita. Ko "yi haƙuri" ban ji daga bakinsa ba.

Ban ƙara masa komai ba. Yaron na bi waje na damƙa wa abin da ya sawwaƙa, ya ce a'a Baba, na tura masa a aljihu. CDR ɗin har yau ban samu ba. Mako mai zuwa akwai banar da za a rataya a ƙofar makaranta, kuma can ɗin dai zan kai, don zanen yana hannunsu. Na tambayi yaron yaushe maigidan ke fita cin abinci, ya ce bayan Azahar.