Wurno ko Sifawa: wace hanya ta fi dacewa da mai sabon keken tsere?

Wani ƙanenmu a ƙungiyar masu hawan keke ya ce ya sayi keken tsere mai siririyar taya, ya gaji da zagayen cikin gari daga Gawon Nama zuwa Kofar Atiku. Yana son ya fita karkara inda zai hau tudu ya kuma ga tsofaffin garuruwa, shi ne yake tambaya: ya fara da hanyar Wurno, ko ta Bodinga zuwa Sifawa? Na bi duka biyun ba sau ɗaya ba, don haka ga abin da na gani.

Ƙanena, amsar a taƙaice ita ce ka fara da Sifawa, ka ajiye Wurno sai ƙafarka ta nuna. Amma kada ka ɗauka don Sifawa ta fi daɗi ne. A wurina Wurno ta fi ta nesa ba kusa ba, sai dai ita ba a yi mata gaggawa.

Mu fara da tsawo. Daga Sakkwato zuwa Bodinga kusan kilomita 25 ne, Sifawa kuma tana gaba kaɗan, ka ga zuwa da dawowa za ka taka wajen 60. Wurno ta haura kilomita 40, wato kana maganar fiye da 80 kafin ka dawo gida. Ga wanda bai saba daɗewa a kan sirdi ba, wannan bambancin ba a ƙafa yake fara fitowa ba, a mazaunai da wuya da tafin hannu yake fitowa.

Sai dai akwai abin da ya fi tsawon hanya muhimmanci, kuma sababbin mahaya ba su cika lura da shi ba, wato iska. Lokacin hawan keke a ƙasarmu hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ba mai hankalin da zai kai hantsi a kan kwalta. To iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa. Wurno tana wannan ɓangaren, saboda haka a tafiya kana karo da iska, a dawowa ita ke tura ka. Sifawa kuwa kudu take, ta ɗan karkata yamma. Za ka fita da asuba keke na gudu kamar ba kai ke tuƙawa ba, ka ji kamar ka iya kaiwa Tambuwal, sai ka juyo da hantsi ka tarar da iska ta tsaya maka a ƙirji, ga gajiya, ga rana. Fitata ta farko haka ta faru da ni. Daɗin iska ya ja ni na wuce Sifawa da nisa, a dawowa kafin in kai daidai filin jirgin sama ruwana ya ƙare, leɓɓana sun tsage, na sauka na zauna gindin wata dogon yaro ina jin bugun zuciyata a kunne. Wani dattijo mai jaki ne ya ba ni ruwa daga jarkarsa. Don haka idan ka bi Sifawa, ka juyo tun kana jin sauran ƙarfi, kuma rabin ruwanka na dawowa ne, kada ka taɓa shi.

Tudu kuma, wanda shi ne ka ce kana nema. Gaskiya mu ba mu da manyan duwatsu irin na Jos ko na Kwatarkwashi. Abin da muke da shi tuddai ne masu shafaffen kai, marmara ta rufe samansu, ruwa ya zaizaye gefensu. Masana ƙasa sun tabbatar cewa teku ta taɓa kwanciya a wannan yanki a can zamanin da, shi ya sa ake samun farar ƙasar da ake siminti da ita a Kalambaina, har sun raɗa wa shimfiɗun ƙasar sunayen garuruwanmu: Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. A hanyar Bodinga hawa da gangarar masu laushi ne, ka ɗan hau ka ɗan sauka, ba sai ka nemi giyar ƙarshe ba. Can ne wurin koyon canza giya a kan lokaci, kafin sarƙa ta yi nauyi. A ɓangaren Wurno abin ya fi fitowa fili, domin garin kansa a kan tudu yake, yana leƙen fadamar Rima. Ranar da ka tsaya a can sama da sanyin safiya, ka hango kore shar na albasa da tafarnuwa a ƙasa, hazo ya lulluɓe can nesa, ga jar ƙasa a ƙarƙashin ƙafarka, za ka gane dalilin da ya sa nake cewa a ajiye ta sai an shirya. Wuri ne da ake son a isa da sauran numfashi, a tsaya a kalla.

Wannan tudun ne ma ya sa garin ya zama abin da ya zama. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, yana fuskantar Gobir, ya zauna can har Allah ya yi masa rasuwa a 1837, kuma hubbarensa na nan a garin. Wasu daga cikin sarakunan da suka biyo baya ma can suka fi zama, shi ya sa Bajamushen nan matafiyi, Barth, ya sauka Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba. Idan ka hau tudun da ƙafarka, ka ji yadda yake cin cinya, sai ka fahimci zaɓin wurin fiye da wanda ya shigo da mota.

Sifawa nata tarihin na zama ne da karatu. Can Shehu Usmanu ya koma daga Gwandu wajen 1810, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu har 1815 da ya taso Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana kusa, a Bodinga. Abin da ke taɓa ni duk lokacin da na je shi ne ƙanƙantar garin idan ka auna shi da abin da ya fito daga cikinsa. Ina roƙonka abu guda a duka garuruwan biyu: ka riƙa tafiya da dogon wando da riga a jakar bayanka. Matsattsun kayan tsere ba su dace da ƙofar masallaci ko hubbare ba. Ka sauka daga keke, ka yi sallama, ka gaida dattawan da ke zaune kafin ka ciro waya da sunan ɗaukar hoto.

A batun motoci Sifawa ce ke da rauni. Hanyar Bodinga ita ce babbar hanyar da ta wuce Tambuwal da Jega ta nufi kudu, tirela da tankar mai ba sa yankewa. Iskar tirela kaɗai na iya karkatar da keke mara nauyi, don haka idan ka ji ta tafe ka riƙe kan keke da hannu biyu, ka ba ta wuri. Hanyar Wurno ta fi sauƙin manyan motoci, amma ka kiyayi ranar Laraba, ranar kasuwar Achida. Tun da safe hanya ke cika da motocin dabbobi, 'yan kabu-kabu, raƙuma da amalanken shanu.

Da zarar ka sauka daga kwalta a kowanne ɓangare, abokan gabarka biyu ne, yashi da ƙaya. Siririyar taya nutsewa take a rairayi, tsidau da ƙayar aduwa kuma ba sa barin ta. Ka riƙe tiyub biyu, famfo da kayan faci, domin masu facin ƙauye sun fi sabawa da tayar keken gida, ba lalle ka samu girman taka a wurinsu ba.

Saura maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, wato tsaro. Kowa a Sakkwato ya san halin da gabashin jihar ya shiga a shekarun nan, daga Isa da Sabon Birni har Rabah da Goronyo, kuma ƙauyukan ƙasar Wurno ma abin ya taɓa su. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na ce ka jinkirta. Ban yarda ka bi hanyar kai kaɗai ba, ban kuma yarda ka ratsa daji neman gajeruwar hanya ba. Daren da za mu fita mukan kira wanda muka sani a can, mu kuma tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum. Idan suka ce a dakata, mukan dakata ko da an riga an cika gorunan ruwa. Hanyar Sifawa ma a tambaya kafin a fita, ba a ɗauka lafiyar jiya ita ce ta yau ba.

Ka yi Sifawa sau uku ko huɗu a wannan hunturun, ka fita bayan sallar asuba ka dawo kafin sha ɗaya. Ranar da ka dawo gida ba ka nemi tabarma nan take ba, ka yi mini magana, mu haɗu mutum huɗu ko biyar mu sa ranar Wurno, in Allah ya yarda hanya ta yi lafiya.