Injin DiSEqC ko jak: wanne ya dace da dish ɗinka?

Ɗan'uwa, ka ce kana Kano, dish ɗinka mai santimita 90 ne, risibarka Strong, kuma ka gaji da hawa rufi duk sanda za ka sauya setilayit. Kana tambaya ko injin DiSEqC za ka saya ko jak. Na taɓa kafa duka biyun, kuma a ganina girman dish ne ke raba wannan gardama.

Injin DiSEqC, wato ƙaramin injin da ke juya dish da umarnin risiba, irin SG2100, tsakanin turke da dish yake zama. Ba ya son wata waya daban. Wayar da ta taso daga risiba ita ke shiga cikinsa, ta fita ta wuce LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, kuma wutar nan ta volt 13 ko 18 da risiba ke turawa ita yake ci. Jak kuwa sandar ƙarfe ce mai miƙewa da komawa, yawanci inci 18 ko 24, tana tura dish ta gefe. Volt 36 take ci, risiba ba ta iya ba ta, sai ka haɗa da akwatin V-Box mai ba ta wuta da umarnin tafiya, ka kuma ja wayoyi huɗu har gindin dish: biyu na wuta, biyu na ƙirga tafiya. Sannan dole bayan dish ɗin ya kasance irin mai juyawa a kan ƙusa, ba kafaffe ba.

Wajen ƙarfi jak ya yi gaba nesa. Ƙaramin injin ba a ɗora masa abin da ya wuce mita 1.2. Ka ɗora masa mai mita 1.8, iskar farkon damina ɗaya ta isa ta cinye haƙoransa. Don haka mai neman tashoshin C-band da babban dish ba shi da zaɓi sai jak.

Amma wajen saiti, nan ne ƙaramin injin ya fi daɗi, saboda USALS, tsarin da kamfanin Stab na Italiya ya ƙirƙiro. Za ka shigar wa risiba inda kake, Kano ke nan digiri 12.0 arewa, 8.5 gabas, ita ta lissafa sauran. Da ka daidaita setilayit guda ɗaya sosai, ka zaɓi Nilesat a 7 yamma, ko Badr a 26 gabas, ko Astra a 28.2 gabas, ko Intelsat 20 a 68.5 gabas, da kansa zai tafi. Jak bai san digiri ba, ƙirge kawai ya sani. Kowane setilayit sai ka lallaɓa ka nemo shi da hannu, ka ajiye masa lamba. Idan kuma aka ɗauke wuta yana cikin tafiya, ƙirgen kan iya rikicewa, ka tarar duk wuraren da ka ajiye sun goce.

Sauri kam kada ka sa rai. Ƙaramin injin digiri 2 ko sama kaɗan yake yi a daƙiƙa, daga Nilesat zuwa 68.5 sai ka jira fiye da rabin minti. Yana ɗan ƙara gudu idan kana kan tashar H, wato wadda siginarta ke zuwa a kwance, don a nan risiba ke tura volt 18. Yara masu danna rimot ba sa haƙuri da wannan.

Abin da ya fi ba ni wahala ba ya cikin kwalin ko ɗaya, shi ne turke. Wanda mai walda ya fara kafa mini ya ɗan karkace, ido ba ya gani. Setilayit na tsakiya suna kamawa tas, da dish ya yi gabas ko yamma sosai sai sigina ta ɓace. Kwana biyu ina zargin inji. Ka ari filam wurin magini, ka auna turken ta kowane gefe kafin siminti ya kama. Ma'aunin da ke jikin injin ka sa shi daidai da 12 na Kano, injin ya fuskanci kudu sosai yana kan sifiri, LNB kuma ka bar shi a miƙe, kada ka murɗa shi yadda ka saba a kafaffen dish, juyawar injin ce za ta karkata shi.

Inji ba ya ƙara sigina ko kaɗan. Hotbird na 13 gabas Turai yake haskawa, ko ka juya kansa daidai santimita 90 ba za ta kamo shi a Kano ba.

Da dish ɗinka na yanzu, injin DiSEqC za ka saya. Ka fara duba cikin risibar taka ko akwai USALS a wajen saitin eriya, ka kuma sauya wayar idan ta tsufa ko tana da haɗi da yawa, don wutar da injin zai ci ta cikinta za ta bi.